Amsar da ban kai ga ba Malam Rhissa ba

Daga Allah muke, gare Shi kuma makoma take. Ranar Alhamis, sha huɗu ga Sha'aban, 13 ga Fabrairu 2025, bayan la'asar, aka aiko mana cewa Malam Rhissa mai awon jini ya rasu a Maraɗi, kwana uku da kai shi asibiti. Maƙwabcinmu ne a Dakoro shekara ashirin da biyu.

Malam, abin da na sani kaɗai zan faɗa. In makiyayi ya zo daga Korahane da mai zazzaɓi, ba ya jin Faransanci, kai ne za ka karanta masa sakamako da Buzanci. Ban taɓa jin ka ɗaga wa mara lafiya murya ba.

Lokacin da autata Munira ta gama lisans, digirin farko, a Yamai ta ce za ta ci gaba da mastar, digiri na biyu, a fannin aikinka, na hana. Na ji an ce aikin na taɓa jini ne da fitsari da majina. Ni allo na karanta, na san hukuncin najasa. Na ce ba zan ba da ɗiyata ga aikin da zai sa sallarta cikin shakka ba.

Ba ka yi gardama da ni ba. Ka kira ni labo, ɗakin da kake awon, ka nuna mini safar hannu, da farar rigar da kake tuɓewa a ƙofa, da butarka can gefe. Ka ce, "Malama Uwale, shekara talatin ke nan, kin taɓa jin liman ya kore ni daga sahu?" Sannan ka sa na leƙa madubin duba ƙwayoyin cuta. Na ga abin da ke kawo zazzaɓin da ya kashe mini ɗa biyu. Na daɗe ban ɗago ba.

Ka rubuta wa Munira hanyoyi uku a bayan wata takarda: karatun ƙwayoyin zazzaɓin sauro, ko na ƙwayoyin tarin fuka da sanƙarau, ko na lafiyar jama'a, wanda babu taɓa jini sosai a ciki. Ka ce zaɓin nata ne, amincewa tawa, kuma za a rufe karɓar dosiye, takardun neman shiga, ƙarshen wata. Na ce ka ba ni zuwa Juma'a in yi istihara. Na yi, Malam. Kai ne ba ka kai Juma'ar ba.

To ga amsata: na yarda. Ta zaɓi na zazzaɓin, jiya ta aika da dosiyenta.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa kowane ciwo da yarinyar nan za ta gano ya shiga mizaninka. Aisa, uwargidansa, da yara, Allah Ya ba ku haƙuri. Takardar tana wurina, da rubutun hannunsa, in kuna so.

Uwale, Dakoro