Matar da Ke Cikin Zanen Ƙanena

A shekarar da 'yan gudun hijira suka sauka a makarantarmu, ina koyar da aji uku ne a firamaren ƙauyenmu, can gefen Hunkuyi ta hanyar Makarfi. Ana cikin yankan dawa suka iso, a bayan motar ɗaukar rake. Daga yamma suka fito, inda 'yan bindiga suka tashi garuruwansu. Mata da yara ne mafi yawa, sai tsofaffi ƙalilan. Mai gari ya ce a buɗe musu azuzuwa biyu na baya, mu kuma muka cusa ɗalibanmu a sauran.

A cikinsu akwai wata da na shaƙu da ita. Ta girme ni sosai, don haka Inna nake ce mata. Doguwa ce, tana da tabo daga gefen ido zuwa haɓa, kuma kunnenta na hagu a tsage yake, inda aka fizge mata ɗan kunne ranar da aka kashe mijinta. 'Ya'ya huɗu ta tsira da su. Ba ta cika magana ba. Idan an tashi tara nakan je mu zauna a gindin darbejiya, ta riƙa tsefe wa ƙaramar 'yarta kai, ni kuma ina duba littattafan yara.

Bayan 'yan makonni aka kawo tallafi. An sauke buhunan masara da shinkafa da barguna a filin makaranta, aka jera mutanen a gabansu aka ɗauki hoto. Sannan aka kwashe kayan zuwa wani sito, aka ce kwamitin manyan gari ne zai raba. Abin da ya kai hannun Inna bai wuce tiya biyu ta masara da sabulu ɗaya ba. Ranar kasuwa kuwa sai ga barguna iri ɗaya a rumfuna. Kowa ya gani, ba wanda ya ce uffan.

Ƙanena ne ya kasa shiru. Sana'arsa rubuta allunan shaguna da zanen bayan motoci, yana da mata da ɗa ɗaya, kuma tun yana ƙarami idan ya kalli fuskarka sau ɗaya zai fitar da ita a takarda. Sai ya zana shugaban kwamitin, ƙato da tumbi, zaune a kan tulin buhuna yana jan carbi. A ƙasansa ya zana wata mata ƙashi da rai, ta wangame baki kamar ƙofar rumbu, yara sun maƙale mata ta ko'ina. Ya sa shugaban yana cewa, “Ku ƙara haƙuri, azumi lada ne.” Matar tana da tabo a fuska da tsagaggen kunne. A can ƙasa ya rubuta sunan ƙauyenmu da na makarantar. Ya ɗauka a waya ya tura wa abokansa. Kafin washegari mutanen Ikara da na Zariya suna bugowa suna tambaya.

Bayan la'asar Baba ya tara mu a zaure, ni da ƙanena da kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, tsohon ma'aikacin ofis wanda ba ya rabuwa da rediyo.

“Mutumin da ya halarci sunanka,” in ji Baba, “shi ka mayar abin dariya a duniya?”

“Baba, ban yi masa ƙarya ba. Ku ma kun ga bargunan.”

“Ban tambaye ka barguna ba.”

Kawu ya gyara zama. “Yaya, a bar yaron nan ya faɗi abin da ya gani. A wasu ƙasashen ana zana shugaban ƙasa da kunnen jaki, a buga a jarida, mai zanen ya kwana a gidansa lafiya. Mu nan ana cin abincin marayu a gabanmu, sai wanda ya yi magana ne mai laifi? Idan aka ce sai abin da ba zai ɓata wa kowa rai ba za a faɗa, to ba sauran abin faɗa sai gaisuwa.”

Baba ya ce can can ne, nan nan ne, kuma a nan gobe da mutumin za a haɗu a masallaci. Suka daɗe suna ja. Ni dai na lura duk maganarsu a kan mai tumbin take. Sai na juya ga ƙanena.

“Ita fa? Ka tambaye ta?”

“Wa?”

“Wadda ka buɗe wa baki haka.”

“Haba Yaya, ai don ita na yi. Da na zana ta tsaf-tsaf, wa zai tsaya ya kalla? Dole abu ya yi zafi kafin mutane su ji.”

“Zafin a jikin wa?”

“To kina so in yi shiru kamar kowa?”

Ni ma ina cikin waɗanda suka yi shirun. Kawu ya ce duk mai hankali zai gane ba matar ake wa dariya ba. Na ce masa ɗalibaina 'yan aji uku ne, kuma sun riga sun gani a wayoyin iyayensu.

Washegari na ji su da kunnena. Inna ta fito ɗiban ruwa a famfo, yara suka bi ta suna wangame baki suna cewa “Bakin rumbu! Bakin rumbu!” Na kore su, na hukunta waɗanda na kama. Da na dawo na same ta ta ajiye bokitin tana jirana.

“Malama, nuna mini abin.”

Na so in kauce, ta miƙo hannu. Na ba ta wayar. Ta daɗe tana kallo, ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba.

“Wanda ya yi wannan yana da hannu,” ta ce. “Har kunnen bai manta ba.” Sai ta ɗora yatsa a kan rubutun da ke ƙasa. “Wannan me aka rubuta?”

Na karanta mata sunan ƙauyenmu da na makaranta.

“Zai kai can wajenmu?”

“Ban sani ba, Inna. Abin waya ne.”

Nan ta faɗa mini abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Cikin 'yan bindigar da suka shiga gidansu akwai ɗan maƙwabcinsu. Rawaninsa ya zame, ta gan shi, shi ma ya ga ta gan shi. Shi ne ya fizge ɗan kunnen. Abin da ya sa ba ta tsaya a garuruwan da sauran danginta suka tsaya ba ke nan, ta yi ta gaba har inda ba wanda ya san ta.

“Su ma suna da waya,” ta ce, ta miƙo mini tawa.

Na tafi kai tsaye shagon ƙanena na faɗa masa. Ya ajiye burushin, ya zauna a kan gwangwanin fenti, ya riƙe kai. Ya ce zai goge. Ya goge nasa, ya buga wa abokansa su ma su goge. Amma abin ya riga ya fita daga hannunsu.

Kwana biyu bayan haka mai gari ya aiko a kira ƙanena. Na bi shi, na tsaya daga waje wajen mata. Aka sa shi ya durƙusa a gaban shugaban kwamitin ya nemi gafara, aka ce ya ci albarkacin Baba, da sai an miƙa shi ga hukuma. Shugaban ya ce ya yafe saboda Allah, aka yi fatiha. An shafe kusan awa biyu a zauren nan, ba wanda ya ambaci Inna, ba wanda ya ambaci siton. Abin da aka ƙara kawai shi ne, wai baƙin ne ke kai gulma, an karɓe su sun zama marasa godiya. Daga ranar iyaye suka fara ƙorafin cewa an cinye wa 'ya'yansu azuzuwa. Aka ce idan an dawo hutu kowane baƙo ya nemi wani wurin zama.

Inna ba ta jira hutun ba. Wata safiya na iso na tarar kusurwarta a ajin fayau. Wata tsohuwa da suke kwana tare ta ce ta hau motar Ikara da yaranta, wai tana da wata 'yar uwa wajen Janfalan. Ƙanena ya ɗauke ni a babur muka je ranar Asabar. Muka bi ƙauyuka uku muna tambayar doguwar mata mai tabo da yara huɗu. A wuri na ƙarshe wani ya tambaye mu ko mu su wa ne, kuma me muke nema da ita. Sai na ga cewa neman da muke yi ma wata hanyar nuna ta ce. Na ce wa ƙanena mu koma gida.

Sauran suka watse bayan hutu. Wasu sun shiga aikin rake a Makarfi, wasu sun koma inda suka fito saboda ba su da wani wurin. Ba a ƙara kawo tallafi ba, kuma shugaban kwamitin yana nan da mutuncinsa, shi ake sawa a gaba a ɗaurin aure.

Ƙanena ya daina zana mutane, sai haruffa da furanni. Wani lokaci maganar takan taso, ya ce, “Yaya, amma abin da na zana gaskiya ne.” In ce masa gaskiya ne. Kawu har yanzu yana kan bakansa, yana cewa laifin ba na mai zane ba ne, na ƙasar da mace za ta ji tsoron a san inda take ne. Ban iya ƙaryata shi ba, amma ban ga abin da hakan ya tsinana wa kowa ba.

Bara wata abokiyar aikina da aka kawo daga Kudan ta turo mini wani hoto don ta ba ni dariya, ranar da muka daɗe a taro ba a kawo abinci ba. Zanen ne, amma an yanke mai tumbin da buhunansa, an yanke rubutun. Fuskar Inna kaɗai ta rage, baki a wangame, wani ya rubuta a ƙasa, “Ni idan na ji ƙamshin shinkafa.” Na tambaye ta inda ta samo. Ta ce ai kowa na da shi, ba ta ma san mutum ce ta gaske ba.