Katakon Bayan Ƙofa

Kawuna kafinta ne, kuma tun da na yi wayo, a keken guragu na san shi. Yana saurayi ya faɗo daga rufin wani gida. Abokan aikinsa suka kama hannu da ƙafa suka cusa shi a mota. Likita ya ce faɗuwar ta karya ƙashin baya, amma ɗaukar ce ta lalata lakar.

Bai bar sana'a ba. Ya rage tsayin teburinsa, ya ci gaba da aiki a shagonsa na bakin titi, yana tsokanar duk mai wucewa. A bayan ƙofa akwai wani faffaɗan katako da ba ya bari a taɓa.

Wata rana da hantsi na je gaishe shi, sai wani mai babur ya kife a gabanmu. Jama'a suka yi kansa, Kawu ya garzayo da kekensa yana tsawa.

"Kada wanda ya ɗaga shi! Bawan Allah, motsa yatsun ƙafarka in gani."

Ya sa na riƙe kan mutumin, maza huɗu suka mirgina shi gaba ɗaya kan katakon nan na bayan ƙofa, aka ɗaure shi da ƙyalle.

Bayan wata uku mutumin ya zo godiya, yana dogara sanda. Kawu ya ce, "Taka zuwa can ka dawo." Sau uku ya sa shi, yana dariya, yana share ido da gefen riga.

Shekara takwas ke nan da rasuwar Kawu. Yanzu masu gyaran waya ne a shagon, amma har yau in na bi ta wurin sai na rage sauri.