Bijimin Ƙaltume Bai Jira Liman Ba

Da na dawo Wagadugu bayan shekarun karatu, labarin farko da aka tarye ni da shi a Zango shi ne na tsohuwar da ta kayar da bijimi da bugu ɗaya ranar Babbar Salla. Ban yarda ba, don na san yadda labari ke ƙiba a bakin mutanenmu. Da aka nuna mini ita zaune gaban tandar waina, shakkata ta ƙaru: 'yar ƙaramar mace ce, hannunta na hagu a karkace daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Sai da na zauna da ita da mutanen gidanta na gane cewa abin ya faru, amma ba bugu ɗaya ba ne, kuma ita ba ta ɗauke shi abin taƙama ba.

Sunanta Ƙaltume. Mijinta, Muhammadu Sani, ɗan kasuwar goro ne a babbar kasuwar Rood Woko, kuma a zamaninsa kowace Layya sa ake kayarwa a gidan, a yi ta fita da nama a faranti har yamma. Gobarar kasuwa ta cinye masa kaya, bai sake miƙewa ba har ya rasu, ya bar ta da ɗa guda, Saminu. Ta tafi Pissy fasa dutse cikin matan ƙabilar Mosi, ta yi shekaru tana ɗaga guduma a rana har Saminu ya gama lekol, makarantar boko, ya kama gyaran babura. Daga nan ta dawo tanda. Gudumar kuwa ta zo da ita gida, da ita ake kafa turke, da ita ake fasa ƙashi.

Duk waɗannan shekarun, naman Salla daga gidajen mutane yake shigo mata. Takan karɓa ta yi godiya, ta shige ɗaki. Abu ɗaya ta sa a ranta: kafin ta mutu, a yi Layya da sa a gidan nan sau ɗaya, da sunanta.

Ta sayi maraƙi ramamme a hannun wani Bafilace, ta ɗaure shi a lungun gida kusa da rariya. Dusa, harawa, ruwan wankin shinkafar waina, ɓawon wake, duk abin da tukunya ta rage nasa ne. Habi, tsohuwar da ke haya a ɗakin ƙofa, kullum sai ta tsokane ta.

"Uwar Saminu, wannan miji kika yi ko dabba? Ko marigayi bai sha wannan hidimar ba."

"Marigayi bai taɓa cinye abin da na ba shi ya lashe kwano ba," in ji Ƙaltume.

Maraƙi ya zama bijimi, fari mai baƙin wuya, tozo kamar an ɗora masa tulu. Masu wucewa kan leƙo ta ƙofa su ce tubarkalla.

Sallar ta zo cikin damina. An kwana ana ruwa, ƙasar tsakar gida ta yi laushi. Da hantsi Saminu ya sa sabuwar shadda ya hau babur zuwa filin Idi, ya bar wuƙa a wase a kan taga. Gida ya rage mata uku: Ƙaltume, da Habi, da Nafisa matar Saminu, mai tsohon ciki, tana cikin madafar langa-langa tana soya albasa a babbar tukunyar mai. An dama zomkom, abin sha na garin gero, cike da bokiti domin baƙi, shinkafa na kan wuta.

Bayan katanga gidan Ali ne, mai sayar da taya. Masallacinsu da wuri ake idar da salla, har sun dawo sun yanka ragunansu. Suka kwara ruwa a wurin yankan, jinin ya biyo rariya ya ratso ƙarƙashin katanga, ya malalo daidai hancin bijimin.

Ƙaltume ta ji wani gurnani da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Kafin ta ajiye ludayi ya ja da baya ya fizga, turken ya fito daga laka ɗungurum. Ya zabura tsakar gida, igiya na binsa da turken a ƙarshenta yana dukan duk abin da ya samu. Bokitin zomkom ya tashi sama. Tukunyar shinkafa ta kife a wuta, tururi da toka suka turnuƙe. Ya sa ƙaho ya ɗaga keken ɗinkin Habi ya maka shi da bango.

Habi ta ruga za ta buɗe ƙofar gida. Ƙaltume ta riga ta, ta danna sakata, ta tsaya a jikin ƙofar.

"Kin haukace? Ki bar shi ya fita!"

"Ya fita su sassare shi a titi? Shiga ɗaki ki rufe bakinki!"

Abin da ke ranta kowa a Zango ya san shi. Dabbar da aka ji wa rauni ba a Layya da ita, wadda aka yanka kafin liman ya yanka tasa kuma nama ce kawai. Liman ɗinta kuwa yana can filin Idi. Abin da take nema kaɗan ne: bijimin ya kai lokacin da rai, da ƙafafunsa huɗu, ba tabo.

Ihun Habi ya tara mutane. Ali da 'yan'uwansa suka zo da adduna, hannuwansu da jinin raguna, suna dukan ƙofar ƙarfe.

"Inna, buɗe! Agara ɗaya za mu sare masa ya zauna!"

"Wanda ya taɓa masa ƙafa, ni da shi har gaban Allah!"

"Zai kashe ku a ciki!"

"Gidanka ne?"

Daga madafa Nafisa ta kira Saminu a waya. Ta leƙo ta ce, "Mama, wai an sallame, liman na huɗuba. Ya ce ku buɗe wa su Ali, sil vu ple, don Allah, Mama!"

"Ce masa ya tsaya nan. In liman ya sa wuƙa ya gaya mana."

Ta ɗebo dusa a kwano ta nufi bijimin tana kiransa da muryar da take kiransa kowace safiya. Ya tsaya yana huci, idanunsa sun yi ja, kumfa na zuba. Har ta kai hannu ga igiyar. Sai wani daga waje ya haura katanga ya jefo dutse don ya kore shi daga kanta. Dutsen ya same shi a gindi. Ya juya kamar an cake shi, turken ya zagayo ya share ƙafafun Ƙaltume, ta faɗi da fuska cikin laka, leɓenta ya fashe.

Da ta ɗago kai, bijimin ya nufi madafa.

Karo na farko langa-langar ta lotsa. Na biyu ginshiƙin gaba ya karye, rufin ya sauko ya toshe ƙofar. Nafisa na ciki, ta maƙale tsakanin bango da murhu, tukunyar mai na tafasa a gabanta tana tangaɗi a kan duwatsu. Ba ta ƙara cewa Mama ba, salati kawai take yi da ƙarfi. Bijimin ya ja da baya zai sake.

Ƙaltume ba ta tuna lokacin da ta ɗauki gudumar ba. Ta san dai ta zo masa ta gefe ta sauke ta da hannu biyu yadda ake sauke wa dutsen Pissy. Ya kauda kai, bugun ya sami ƙahon dama. Ƙahon ya ɓalle daga tushe ya rataya, jini ya yi tsartuwa har fuskarta. A nan Layyarta ta ƙare, kuma ta sani.

Ya bar madafa ya dawo kanta. Ya haɗa ta da katanga da goshinsa, hannunta na hagu a tsakani, Habi ta ce daga cikin ɗaki ta ji ƙarar ƙashin. Ƙaltume ba ta saki gudumar ba. Ta riƙe ta kusa da kai da hannun dama, ta yi ta kirɓa masa tsakanin idanu, tana bugu yana matse ta, har gwiwoyinsa na gaba suka lanƙwashe. Ya durƙusa, ya kife gefe guda yana shure-shure, ita ma ta sulale ta zauna a jikin katangar.

Habi ta zare sakata. Maza suka cika gidan, wasu suka ɗaga rufin madafa suka jawo Nafisa. Mai ya fallatsar mata a ƙafa ya ƙone ta, amma tukunyar ba ta kife ba. Ali ya taka wuyan bijimin, ya karɓi wuƙar Saminu daga taga, ya dubi Ƙaltume.

"Inna, in yanka?"

Ta dubi wayar da ke hannun Nafisa. Saminu na kan layi yana ihu, wai yanzu aka jawo ragon liman, ana neman wanda zai riƙe.

"Ɗan dakata," in ji ta.

"Inna, ƙahon nan ya riga ya tafi. Idonsa kuma na juyewa. In ya mutu a haka, ko kare sai ya yi shawara kafin ya ci."

Ta dubi bijimin, jini na ɗiga daga haɓarta. Sannan ta ce, "Yanka."

Ali ya yi bisimilla ya yanka. Jinin bai gama tsayawa ba Saminu ya ce liman ya sa wuƙa.

Malam Abduljalil, wanda ya karantar da Saminu allo, ya zo bayan an dawo da ita daga wurin ɗori. Ya duba ƙahon, ya tambayi Ali yadda jinin ya fita da yadda dabbar ta motsa. Ya ce naman halal ne, a ci a raba, amma Layya ba ta yi ba, Allah kuwa ya ga niyya. Ƙaltume ta ce ta ji. Ba ta yi kuka a gabansa ba.

Aka yi kwana biyu ana suya a gidan. Tana zaune a kan tabarma da hannu a ɗaure cikin karare, tana faɗin gidan da za a kai wa cinya da gidan da za a kai wa haƙarƙari, tana faɗa da Habi a kan gishiri. Nafisa ta haihu lafiya bayan Salla da 'yan makonni, tabon ƙunar na nan a ƙafarta. Hannun Ƙaltume ya ɗoru a karkace. Ba ta iya ɗaukar bokitin dusa da shi, saboda haka ba ta sake kiwo ba, kuma ta ce ba za ta sake ba.

Ranar da na je mata na ƙarshe tana juya waina da hannu ɗaya, ta zuba mini guda biyar a takarda ta hana ni biya. Na tambaye ta ko ta iya cin naman bijimin nan bayan duk abin da ya faru.

Ta dube ni kamar na tambayi abin da yaro ma ya sani.

"Na ci mana. Da hantarsa na fara, ina kwance Habi na ba ni a baki. Ya karya mini hannu, ya ƙone mini yarinya, ya hana ni Layya, sannan in bar wa su Ali shi su cinye?"