Ranar da Sama'ila ya kai makaɗan kokawa filin ƙwallo

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar abokina Samuel, wanda duk Bagudo ta sani da Sama'ila mai gyaran rediyo. A zamaninsa, in ƙungiyar ƙwallon jiharmu tana wasa, benci biyu ne a ƙofar shagonsa da rediyo ɗaya a kan tebur. Kowa ya kasa kunne, wanda ya yi tari a harare shi. Shekaranjiya na bi ta wurin, na tarar shagon ya koma na cajin waya. Samari na zaune, kowa ya sunkuya a kan tasa, suna gardama a kan 'yan wasan Turai da ba su taɓa jin sunan Bagudo ba. Ban ji haushinsu ba, don gardamar ita ce dai ta da: wa ya iya cin ƙwallo, wa ya kamata a kora.

Sama'ila Bayarabe ne, Kirista. Ya zo garinmu yana saurayi da ɗan akwatin kayan aikinsa, a nan ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'yansa duka. Hausarsa irin tamu ce ta Kabi, in yana magana a bayan katanga ba ka ce baƙo ba ne. Ni kuwa fatauci ya yi ta yawo da ni, Kwatano, Yamai, Kumasi, Abijan, na tsinci harsunan mutane a hanya. In muna son mu yi gulmar wani a gabansa, sai mu juya Yarbanci. Duk garin da na sauka sai na je filin ƙwallonsu, shi ya sa nake ganin na fi shi sanin wasa. Shi kuma bai taɓa yarda ba.

Da aka cire Kebbi daga Sakkwato aka ba mu jiharmu, murna ta sa muna son komai namu na kanmu, har da ƙwallo. Wata ƙungiya a Birnin Kebbi ta shiga gasar ƙwararru, muka ɗauke ta tamu. Ba sai na kira sunanta ba. 'Yan bayanta ƙarfafa ne, golanta kuwa ya iya tsalle, amma gaba babu labari. Yau a tashi canjaras babu ci, mako mai zuwa a sha kashi da ɗaya. Sai ya zama babu hirar da ake yi a bencin Sama'ila sai ta 'yan gaba.

Kowa da nasa ra'ayin. Garba direba, mutumin Bahindi mai babbar mota da babbar murya, cewa yake ko an yi musu raga mai faɗin kogin Kwara sai sun buga waje. Wani manomi daga Geza ya dage yunwa ce, a ba su tuwon shinkafa su ƙoshi a gani. Ni abin da na lura da shi daban ne. A Kumasi ɗan gaba bugawa yake kafin ya yi tunani. A Kwatano yankan mutane yake ta yi har 'yan kallo su tafa, ya manta da raga. Namu kuwa tsoro ke cinsu, mutum zai samu ƙwallo a gaban gola ya tsaya kamar mai jiran izini. Sama'ila shi kaɗai ne bai ga laifin kowa ba. Duk ɗan gaban da aka ambata sai ya ce, "Ƙahwar yaron ga zinariya ta, lokaci dai bai yi ba." Mun yi masa dariya har muka gaji.

A cikin 'yan gaban akwai namu guda ɗaya, Hamidu, mutumin Illo. Shi ne na farko daga yankinmu da aka taɓa ɗauka a ƙungiyar ƙwararru. Ubansa manomin Illo ne, uwarsa kuwa daga wani ƙauye take a tsallaken iyaka, cikin Jamhuriyar Benin, inda mace kan je da ƙafa ta gaida danginta ta dawo kafin la'asar. A wajenmu wannan ba abin magana ba ne, gida nawa ne a Illo da ba shi da dangi a can? Hamidu dogo ne, yana da gudu, ƙafarsa ta hagu tana da ƙarfi. Natsuwa ce babu. Ƙwallon da za a tura a hankali sai ya ɗirka mata duka ta bi ta saman raga. Haka na gan shi a lokacin, kuma har yau ban sauya ra'ayi ba.

'Yan kallon birni sun gano asalin uwarsa. Ran da ya ci, wanda ba kasafai ba, ɗan Kebbi ne. Ran da ya zubar kuwa sai fili ya ɗauka, "Koma Faranshi! Bonju, koma gida!" Wato ya koma Benin, inda ake Faransanci. Sauran 'yan gaban ma ana zaginsu, amma babu wanda aka ce ya bar ƙasar.

Da aka yi hutun rabin kaka, Hamidu ya dawo gida, sai labari ya iso bencinmu cewa ba zai koma ba. Wata ƙungiya a Paraku, cikin Benin, ta neme shi, zai ƙetare. Garba ya ce Allah ya raka taki, ya gyara zama. Sama'ila bai yi dariya ba. Ranar kasuwar Illo ya rufe shago, abin da ban taɓa ganin ya yi ba in ba Lahadi ba, ya ce in raka shi, don uwar yaron ta fi sakin jiki da Dendanci, harshen mutanensu, ni kuma ina ji.

Mun tarar da su a tsakar gida ana shanya shinkafa. Bayan gaisuwa uwar ta riga kowa magana. Ta ce mini in gaya wa baƙona, ɗanta zai tafi inda ba a zagin nonon da ya sha. Na fassara. Sama'ila ya sunkuyar da kai, ya ce a gaya wa Inna tana da gaskiya. Sannan ya juya wajen Hamidu.

"Ɗana, in ka tahi, sun yi gaskiya ke nan. Gobe in wani yaro ya taso daga Illo, mi za su ce mai?"

"Baba, ba zagin ad damuwata ba," in ji Hamidu. "Kowa a hilin nan yana da mutanenshi. Ni in na ɗaga kai, ba huskar da na sani ko guda."

Sama'ila ya juyo wajena. Ya tambaye ni, da Hausa don Hamidu ya ji, ko a duk yawona na taɓa ganin ɗan kokawar ƙasar nan ya shiga fili shi kaɗai. Na ce ban taɓa ba. A wajenmu in ɗan kokawa zai je wani gari, da makaɗansa yake tafiya da mutanen unguwarsu. Kafin a kama ake yi masa kirari. In ya kayar a ɗauke shi a kafaɗa, in an kayar da shi dattijon garinsu ya shiga ya kakkaɓe masa ƙasar baya, a rako shi gida da kiɗa.

"To, mu munka yi laihi," in ji Sama'ila. "Munka tura ɗanmu kokawa, munka zauna gindin rediyo. Ka ba ni wasa guda, ɗana. In ka ga dama bayan nan ka tahi, ni zan kai ka bakin iyaka."

Uwar ta tambayi abin da ya ce. Da na gaya mata, sai ta dube shi sama da ƙasa, ta ce wannan Bayaraben wa ya koya masa al'adar mutane? Hamidu ya yi murmushi, ya ce wasa guda.

Aikin da ya rage shi ne Garba, don shi ke da mota. Ya ce ko a mafarki ba zai ɗauki mutane zuwa kallon mai harbin tsuntsaye ba. Sama'ila ya ce, "Ai shi ya sa nike son ka zo, ka zage shi kusa, rediyo ba ta kai mai saƙonka." Garba ya yi tsaki, ya tafi duba taya.

Mun tashi da sassafe, mota cike, mutanen Illo da na Bagudo da na Bahindi, Musulmi da Kirista, da makaɗan kokawa uku da gangunansu da wani tsohon maroƙi. Masu tsaron ƙofar fili sun tsaya suna kallonmu kamar mun ɓata hanyar gidan biki. Makaɗan nan ba wanda ya taɓa ganin ƙwallon ƙwararru a cikinsu. Abin da aka gaya musu kawai shi ne, ga ɗanku can mai dogayen ƙafafu. Saboda haka duk sanda Hamidu ya taɓa ƙwallo sai ganga ta tashi, ko da jifa ce daga gefen fili. Alƙalin wasa ya hura masa satar gida, suka ɗauka yabo ne, suka ƙara wuta. Maroƙin kuwa yana ta jero kakannin Hamidu na wajen uba da na wajen uwa, da Hausa da Dendanci, bai bar ko ɗaya a tsallaken iyaka ba.

Bayan an dawo hutun rabin lokaci aka ba Hamidu ƙwallo, daga shi sai gola. Duk muka miƙe. Ya ɗirka mata ƙafar hagun nan, ta bi ta saman raga ta faɗa bayan katanga. Nan take wani gungun samari a gefenmu suka fara, "Koma Faranshi!"

Ban ankara ba sai na ga Garba a tsaye a kan benci, hula a hannu.

"Kai, ɗan samari! Wa za ya koma ina? Ubanshi na noma a Illo tun ba a haihi ubanka ba! Ƙahwa tai ta banza ta, ni na hi ka sani, amma tamu ta. In zagi na, ku bar muna, mun iya abinmu!"

Fili ya fashe da dariya, har da waɗanda aka yi wa faɗan. Garba ya juya wajen wasa ya kwarara ihu, "Hamidu, ɗan banza, raga tana ƙasa!" Makaɗa suka ɗauka kirari ne, suka bi shi da ganga. Sama'ila yana zaune yana share hawayen dariya, yana cewa, "Kun gani? Zinariya ta. Da ƙasa-ƙasa ta yi kaɗan da ta shiga."

An ci mu ɗaya, mu ba mu ci ba. Da aka tashi, wani dattijon Illo ya tsallaka cikin fili da sandarsa, ya je ya kakkaɓe wa Hamidu baya da hannu, ko da yake babu ƙasa a rigar. Muka rako shi har bakin mota da kiɗa. Bai ce zai zauna ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Wasa na gaba dai muka ji sunansa a rediyo.

Ya yi wasu shekaru yana bugawa. Ya ci ƙwallaye, ya zubar da waɗanda suka fi su yawa. Ƙungiyar ba ta tsira ba, ta faɗa ƙaramin rukuni, kuma mu a benci mun ci gaba da ɗora wa 'yan gaba laifi. Yanzu Hamidu magidanci ne a Illo, yana noman shinkafa, yana da furfura a gemu. Ran da aka binne Sama'ila a nan Bagudo, kamar yadda ya yi wasiyya, Hamidu na tsaye a bakin kabari tare da 'ya'yan mamacin.

Nakan tambayi kaina abin da Sama'ila zai ce da ya ga yau. Ina jin zai yi mamakin yaron da ke kuka don an ci wata ƙungiya a Turai, alhali bai san sunan ɗan gaba ko ɗaya na jiharsa ba. Zai ƙi jinin zagin da ake aikawa ta waya, don mai zagin ba ya ganin fuskar wanda ya zaga. Amma na san ba zai daɗe yana ɓacin rai ba. Zai nemi wuri a gidan kallo, ya zaɓi ɗan wasan da kowa ya tsana, ya ce lokacinsa ne bai yi ba.

A sanin ƙwallo, har gobe ina cewa na fi shi. Yawancin waɗanda ya yaba ba su zama komai ba. Sai dai na zaga ƙasashe, na ga masu goyon baya iri-iri, ban ga wanda ya kai shi damuwa da mutumin da ke cikin rigar ba. Allah ya albarkaci zuriyar da ya bari, ya kyautata namu ƙarshen.

Tun daga waccan tafiya da makaɗa, yaran Illo da na ƙauyukan bakin iyaka suna zuwa gwajin ƙwallo a birni ba tare da sun ɓoye garin uwayensu ba. Kuma duk wanda aka ɗauka daga yankinmu, ba ya buga wasansa na farko sai da mota guda ta mutanen gida a bakin fili.