Alhamis ɗin da Farfesa ya ce mini maƙaryaci

Cikin duk shekarun da na yi ina tura gadon marasa lafiya a London, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Alhamis da aka kira ni maƙaryaci a gaban mutane, ni kuwa na ɗaga hannu ina hamdala. 'Yan'uwanmu Hausawa da suka shigo aikin a bayana su suka matsa sai na rubuta. Ni da aka sallama daga firamare saboda gudun kallon ƙwallo, yau ni ne marubuci. Ku yi haƙuri da abin da kuka samu.

Ga wanda bai sani ba, sunan aikinmu fota. A kira ka ta ɗan rediyon da ke ƙugunka, ka je wod, ka gaida Sista mai kula da wod ɗin, ka duba sunan da ke ɗaure a hannun mara lafiya, ka saki birkin gado, ka tura. In akwai na'urar bugun zuciya a jikinsa, dole nas ta raka ku. Doka mafi girma: fota ba ya maganar ciwo, ba ya kuma faɗin abin da zai tayar wa mara lafiya hankali.

Farfesa Lawal ya zo asibitinmu da ke kudancin London ne da karayar ƙashin ƙugu. Dattijo ne, ya ƙare rayuwarsa yana koyar da ilimin ƙasusuwan mutanen da, irin waɗanda ake tonowa a ƙasa. Ranar farko na ji yana waya da Hausa, na tambaye shi garinsu. Ya ce Zariya.

Na ce, "Ashe bawana nake turawa."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bakano ne ko? Shi ya sa gadon ke tafiya a karkace."

Kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi. Sai Allah ya haɗa da ƙwallo: ni ƙungiyar unguwarmu nake bi, masu farar riga, shi kuma maƙwabtanmu masu jar riga. Tun daga nan duk tafiya zuwa ɗaukar hoto sai mun yi. Ya ce wata rana za a tono ƙoƙon kaina a tarar ba kowa a ciki. In ce ni kakana Annabi Adamu ne, shi ya je ya nemi nasa a rami.

Ana shirin sallamarsa sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Ɓangaren dama ya mutu, magana ta ɗauke. Kwanaki suka wuce. In likitoci sun zo gwaji, sai ya rufe ido. 'Yarsa Zainab, haihuwar nan, mai jin Hausa tana mayarwa da Turanci, ita ta faɗa mini a bakin lif, wato na'urar hawa bene, cewa ranar Juma'a manya za su zauna a kansa. In sun ga alamar yana fahimta, za a kai shi sashen koyon magana da tafiya, daga can gida. In ba su gani ba, sai gidan kula da tsofaffi.

Ranar Alhamis da safe jaridu suka fito da hoton wani ƙoƙon kai a shafin farko. An tono shi a Afirka, wai ya girmi duk waɗanda aka taɓa samu irinsa, kuma mai shi da ƙafa biyu yake tafiya. Ruwan ƙasa, goshi a turo, haƙora ɗaya nan ɗaya can. Ni dai da na gani sai na tuna hoton fasfo ɗina.

Da aka kira ni in kai Farfesa sikan, wato ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, na tarar da Zainab tana karanta masa labarin.

"Daddy, ka ji? They found it. Abin da kake ta faɗa."

Ko ƙifta ido bai yi ba. Ta naɗe jaridar ta ajiye masa a ƙirji, ta fita tana share fuska. Na duba sunan hannu, na saki birki, nas ta ɗauko na'ura, muka nufi lif.

A cikin lif na lura yadda aka naɗe jaridar, shafin baya ne a sama. Ni karatuna ba ya wuce manyan baƙaƙe, amma wannan ko makaho ya gane: masu jar riga sun rungume juna, ga sakamakon wasan jiya da lambobi ƙato-ƙato. Sun ci. Abin yana ba ni haushi tun asuba. Na dubi Farfesa yana kwance kamar an shafe shi, sai kawai bakina ya riga hankalina.

Na ce, "Bawana, sannu da haƙuri. Jiya an yi muku wankin babban bargo, har gida. Golanku ma kuka ya yi."

Na'urar ta fara ƙara da sauri. Fuskarsa ta murɗe, jijiyar wuya ta miƙe, hannun hagu ya damƙi jaridar. Nas ta juyo a kaina tana tambayata da Turanci me na ce masa. Na ce gaisuwa ce irin ta gida. Ta kai hannu kan maɓallin gaggawa. Na ce shi ke nan, Ɗanjuma, ka tsufa a aiki lafiya, yau ka kashe farfesa guda da ƙaryar ƙwallo. Na ga Zainab a idona, na ga fanshona yana ɗaga mini hannu.

Sai ya ɗago jaridar dab da hancina, leɓensa na kokawa, ya ce, "Ma… ƙar… yaci."

Ya ja numfashi ya ƙara, "Bakano."

Ƙarar na'urar ta soma sauka. Ni kuwa na jingina da bangon lif, hannu sama, ina ta alhamdu lillahi.

Bayan sikan Sista ta tsare ni a ofishinta tare da babban likita, domin nas ta kai rahoto, kuma aikinta ta yi. Ita nas ɗin a jinta, maganar Farfesa surutun ruɗewa ne kawai. Likita ya ce in faɗi ainihin abin da aka ce, kada in gyara. Na faɗa.

Ya ce, "To, ƙaryar ka yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya tsagwaronta."

Ya ce to ke nan mutumin ya ji, ya duba jarida ya gane, ya kuma nemo kalmar da ta dace. Na ce ta dace ƙwarai. Ya yi dariya, amma ya ce kada kaina ya kumbura: hoton ya nuna kumburin ƙwaƙwalwar yana sauka, maganar dama tana hanya. Sista kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce da hawan jini ya tsinka masa wata jijiyar fa? Ta ba ni gargaɗi, na karɓa hannu biyu, don gaskiyarta ce.

Ranar Juma'a aka mayar da Farfesa sashen koyon tafiya. Zainab ta tare ni a hanya ta durƙusa, ta ce, "Baba, na gode," da Hausarta mai santsi. Na ce ta gode wa masu jar riga.

Bayan wasu makonni na leƙa shi. Yana tsaye riƙe da ƙarfen dogarawa, gumi sharkaf, ya manna hoton ƙoƙon nan a bangon gadonsa. Magana tana fita a hankali, amma tana fita. Ya ce darajar wancan ita ce ya miƙe da ƙafa biyu tun zamanin da ba mai koya masa.

Na ce, "To ka gani. Shi ba likita, ba ƙarfe, ya miƙe. Kai me kake jira?"

Ya ce, "Shi ba Bakano a kansa."

Na tambaye shi me ya sa bai kula 'yarsa ba ranar nan. Ya ce ya ji komai, kalmomin ne suka ƙi zuwa, kuma kowa na yi masa magana a hankali kamar ana ta'aziyya, har ya fara yarda ya tafi. "Kai kaɗai ka raina ni yadda ka saba."

Ku sababbin shiga, ban ce ku yi wa mara lafiya ƙarya ba. Ni sa'a na taka, kuma Sista tana nan da ranta. Abin da na koya shi ne, mutumin da ke kan gadon nan bai fita daga jikinsa ba don ya yi shiru. Ku gaishe shi da muryar da kuka saba, ku duba birki, ku tura a hankali. Farfesa ya koma gidansa a Lewisham da sanda. Duk ranar da aka ci mu a ƙwallo, kafin in cire takalmi waya ta yi ƙara, kuma ba na buƙatar duba suna.