Gyauro a Ramin Ganuwa

Ganuwar garinmu ta daɗe da daina tsare kowa. Tudun jar ƙasa ce kawai da ta kewaye gari, awaki na hawa, magina na yagar gefenta su buga tubali. A bayanta akwai rami mai faɗi da kakanni suka haƙa saboda dawakin mahara. A shekara ta biyu ta fari, nan kaɗai ciyawa ta rage.

Sa ɗaya ya rage mana, na huɗa. Ɗan'uwansa tuni ya tafi kasuwa ya dawo a buhun hatsi. Baba ya ce in wannan ya kai damina, za mu haɗa shi da na maƙwabci mu yi huɗa. Don haka kullum da hantsi nakan kora shi cikin ramin, ni kuma in hau ganuwa in bi shi ta sama har mu zagayo gari. Magidanci guda, da mata da 'ya, aikina ke nan. Daga sama ana hango gonaki iyakar ganin ido, ja wur, babu kowa a ciki. Kallo kawai nake yi. Ko tsoro na daina ji.

Wata safiya Baba ya ce, "Ka kula da wajen ƙofar gabas. An yanke dawa a ramin, ta yi gyauro."

Kowa a garinmu ya san sabon tohon dawa a lokacin fari yana kashe dabba. Da muka kai wurin na ga koren, na ga sanmu ya nufe shi. Gangara ɗaya ce tsakaninmu. Na tsaya ina kallon yadda yake ci da sauri, har na ce a raina, bari dai wani a gidanmu ya ƙoshi.

Kafin azahar ya kwanta yana haki, kumfa a baki. Na roƙi wata mai itace ta kirawo Baba. Ya zo da wuƙa, ya yi bisimilla, ya yanka shi kafin ya zama mushe. Mutane suka sauko ramin da kwanuka. Ran nan unguwarmu ta ci nama. Ni ma na ci, ban ji ɗanɗanon komai ba.

Da ruwa ya sauka, da garmar hannu muka yi huɗa, ni da tsohon. Rabin gonar muka iya. Har ya rasu bai tambaye ni inda nake tsaye ran nan ba.