Ledar da Rakiya ta binne a gonarmu

Bana shekara shida ke nan da rasuwar ƙanwata Rakiya, Allah ya jiƙanta. Ni manomi ne a ƙauyen Turawa, ita kuwa boko ya kai ta har ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Duk hutu sai ta zo da 'yan kwalabe tana ɗibar ƙasa a bakin juji, ni kuma ina tsokanarta cewa ashe duk karatun nan a kwasar ƙasa ya ƙare.

Wai a cikin ƙasar akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Idan ta ciyar da su ruwan rake, sai su tara wani abu a cikinsu. Ta fasa su da sinadari, ta tace, ta shanya, ta ɓanɓaro 'yar farar leda kamar ɓawon albasa, sannan ta gwada zafin da ke narkar da ita. Ta sha yi mini bayanin amfaninta, amma gaskiya jikina ne kawai yake wurin.

A daminarta ta ƙarshe ta binne ledar a gindin ɗorawar gonarmu, ta kafa turke. Ta ce, "Yaya, ga amana. Kada garma ta bi ta nan, da kaka zan zo in tone." Kafin a yanke gero zazzaɓi ya ɗauke ta.

Bayan sadakar arba'in na je na tona don in miƙa wa malamanta. Ban samu komai ba sai wata baƙar leda irin ta kasuwa, ɗaure da jan zare. Na jefar da ita, na ci gaba da haƙa har gwiwa. Na tabbatar wa kaina shanun huɗa sun gusar da turken, na salwantar da wahalar yarinya. Kunya ta hana ni gaya wa kowa. Shekara biyar ban zauna a inuwar ɗorawar nan ba.

Bara Malama Asabe, abokiyar aikinta, ta zo gaida Inna. Da na raka ta bakin mota, na daure na faɗa mata. Sai ta ce, "Yaya, ba ka ga baƙar leda mai jan zare ba?" Na ce na gani.

"To ai wurin ka tona. Tare ta binne su don ta kwatanta. Tata ledar ta ruɓe, ƙasa ta cinye ta. Abin da ta shekara uku tana nema ke nan."

Yau takin juji da muke kaiwa gona rabinsa leda ne, awakinmu suna ci suna kumbura. Da tana nan, na san ni za ta fara yi wa faɗa. Aikinta bai kai kasuwa ba, ita ma ba ta ji sakamakonsa ba. Ni kaɗai Allah ya nuna wa shi, na kuwa tsaya a kansa da fartanya ina kuka, ina roƙonta gafara.